A Saurari Japanawa Ma: Waƙoƙi Shida Na X Japan

Daga Wakilinmu na Arewa

Jama'a, da wuya ka shiga ɗakin ɗan Arewa a Agege ko Idi Araba, ko Sabo ta Badun, ko Fatakwal, ka rasa wani abu mai ɗauke da sunan kamfanin ƙasar Japan. In ba rediyo ba, agogo. In ba agogo ba, janareto. Motar da ta kawo mu daga gida ma sau da yawa Toyota ce. Shekara da shekaru muna cinikin kayan mutanen nan, har mun san Sony da Honda da Yamaha kamar yadda muka san sunayen maƙwabtanmu. Amma in aka tsayar da ɗayanmu aka ce ya faɗi sunan mawaƙi guda ɗaya tak na Japan, sai ka ga yana sosa ƙeya. Mun karɓi akwatin, ba mu taɓa tambayar abin da masu ƙera shi suke saurara a cikinsa ba.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne, yanzu wayar hannu ta zuba waƙoƙin duniya duka cikin aljihun samarinmu. Amma in ka duba abin da suke saurara daga ƙetare, in ka cire na Indiya, yawanci na Amurka ne da Ingila. Har wasu sun ɗauka duk abin da bai bi ta bakin Bature ba bai isa a kasa masa kunne ba. Ni kuwa ina ganin ba haka ba ne, kuma labarin wata ƙungiyar makaɗa ta Japan mai suna X Japan ya isa shaida. Zan kawo waƙoƙinsu guda shida waɗanda nake ganin sun cancanci a saurara, bi da bi. Ra'ayina kuwa a fili yake. Waƙoƙin da mutanen nan suka yi wa 'yan ƙasarsu, daga cikin baƙin cikin da ya same su, su ne suka fi kyau, su ne kuma suka fi nisan tafiya. Da suka juya suka shiga neman yardar Amurka, sai abubuwa suka fara kwancewa.

SU WANE NE

Yara biyu ne suka kafa ƙungiyar, Yoshiki da Toshi. Dukansu an haife su a 1965 a wani ƙaramin gari na bakin teku mai suna Tateyama, a lardin Chiba, kusa da Tokyo. Tun suna ƙanana ƙwarai suke abota. Iyayen Yoshiki suna da kantin sayar da kimono, watau tufafin gargajiya na Japanawa, kuma tun yana ɗan shekara 4 aka sa shi koyon fiyano. Yana ɗan shekara 10 mahaifinsa ya kashe kansa. Bayan wannan ne yaron ya kama dukan ganga, ya kuma shiga sauraron kiɗan rok, watau kiɗan nan mai ƙara da ake yi da jita mai lantarki da jerin ganguna. Duk wanda yake son ya gane waƙoƙin X Japan, to ya riƙe wannan: mai tsara yawancinsu maraya ne wanda ya koyi kiɗa iri biyu, na sanyi a kan fiyano, na fushi a kan ganga.

A 1982 suka kafa ƙungiyar da suna X kawai. Toshi ne mai rera waƙa, Yoshiki mai ganga da fiyano. Daga baya aka sami masu jita biyu, Hide da Pata, da kuma Taiji mai jita mai kaurin murya. Da farko manyan kamfanonin faifai ba su kula su ba, sai Yoshiki ya kafa nasa kamfani mai suna Extasy Records a 1986. A nan suka fitar da faifansu na farko, Vanishing Vision, a 1988. Da aka ga irin cinikin da ya yi, sai kamfanin CBS Sony ya ɗauke su, suka fitar da Blue Blood a watan Afrilu na 1989. Faifai na uku, Jealousy, ya fito a 1991, ya zo na ɗaya a jerin ciniki na ƙasar, aka sayar da fiye da miliyan ɗaya. A watan Janairu na 1992 suka yi wasa dare uku a jere a Tokyo Dome, filin wasa mai rufi wanda yake ɗaukar mutum wajen 55,000.

Tun kafin mu je ga waƙoƙin, bari in amsa wa dattawanmu, gama na san abin da za su ce in sun ga hoton mutanen nan na wancan zamani. Gashi ne a tsaye cirko-cirko an rina shi ja da ruwan ɗorawa, fuska ta sha fenti, tufafi kamar na 'yan wasan kwaikwayo. Wannan salo shi ne Japanawa suke kira visual kei, kuma ana lissafa X Japan cikin waɗanda suka fara shi. Dattijo zai duba ya ce wane alheri zai fito daga waɗannan? Ba na ba kowa shawara ya kwaikwayi shigarsu, ba tamu ba ce, su kansu ma sun rage ta tun tsakiyar shekarun 1990. Haka kuma akwai waƙoƙinsu na ƙuruciya masu batsa da zancen zubar da jini, waɗanda ba zan sa su cikin lissafina ba. Amma an ce gani ya kori ji, ni kuwa a wannan wuri sai in ce ji ne ya kamata ya kori gani. A rufe hoton, a buɗe kunne.

Wani kuma zai ce ai ba mu jin Japananci. To, yaushe muka fara jin Indiyanci? Iyayenmu sun yi shekaru suna sauraron Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi, suna gane inda ake murna da inda ake kuka, ba tare da tafinta ba. Kunnen da ya iya wannan zai iya wancan.

A FARA DA MASU SANYI

Ta farko ita ce Endless Rain, watau ruwan saman da ba ya ɗaukewa. Tana cikin faifan Blue Blood, kuma an fitar da ita ita kaɗai a watan Disamba na 1989. Na sa ta a gaba ne domin ita ce ƙofar da ba ta da wuyar shiga. Da fiyano take farawa, a hankali, sa'an nan masu goge irin na Turawa su shigo, sa'an nan muryar Toshi, siririya mai tashi sama. Sai can tsakiya jita take karɓa, ita ma ba da faɗa ba, kamar mai amsa wa mai kuka. Tsawonta ya ɗan haura minti 6. A lokacin da ta fito, ita ce ta jawo musu mutanen da ba ruwansu da rok. In ka sami wadda aka ɗauka a wurin wasa, saurari ƙarshenta: makaɗan sukan yi shiru su bar jama'a, dubun dubata, suna ta maimaita amshin su kaɗai. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin haya a Ikko, ruwan damina yana dukan kwano tun magariba har asuba, shi kuwa hankalinsa yana gida, ba ya bukatar a fassara masa wannan waƙa.

Ta biyu ita ce Tears, watau hawaye, ta watan Nuwamba na 1993. Wannan ita ce Yoshiki ya yi wa mahaifinsa, shekaru da dama bayan rasuwarsa. Tsawonta minti 10 da ɗoriya, kuma ba ta gaggawa ko kaɗan. A ganina ita ce zuciyar duk abin da ƙungiyar ta yi. Mu ma mun san abin da maraici yake sa makaɗi ya yi, gama marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, sunansa ma daga nan ya samo shi. Bambancin dai shi ne, shi ya ɗauki kuntigi mai tsirkiya ɗaya, wannan kuwa ya tara makaɗa cike da ɗaki. Abin da ya burge ni game da Tears shi ne ba ta nuna kamar ciwon ya warke ba. Mutum ne ya girma, ya yi suna, ya yi kuɗi, amma in ya zauna gaban fiyano sai ya koma ɗan shekara 10.

A kan wannan waƙa akwai abin lura. Ƙasar Koriya ta Kudu, saboda mulkin da Japan ta yi mata daga 1910 zuwa 1945, ta daɗe da hana shigar da waƙoƙi da finafinan Japan. Sai a 1998 aka fara sassauta dokar, kuma sai a 2004 aka yarda a sayar da faifan waƙoƙin da aka rera da Japananci. Duk da haka samarin Koriya sun san X Japan tun kafin nan, ta hanyar kaset na bayan fage da ake miƙawa hannu da hannu. A 2002 wata ƙungiyar Koriya mai suna MC the Max ta sake rera Tears da harshensu, ta kuma karɓu. Ka ga ke nan waƙar maraya ta ƙetare iyakar da doka ta rufe, ta shiga ƙasar da take da tsohon ƙulli da Japan, ba tare da wani kamfanin Amurka ya riƙe mata hannu ba.

SA'AN NAN MASU ZAFI

In kunne ya saba da waɗannan biyu, to sai a matsa zuwa ta uku, Kurenai. Kalmar Japananci ce mai nufin launi ja wur. Tana farawa da jita a hankali kamar ba za a yi komai ba, sai kwatsam ganga ta ɓarke da gudu kamar an saki dawaki a filin sukuwa. A wurin wasa, Toshi yakan ɗaga murya ya kira sunan waƙar daidai wannan gaɓa, jama'a su ɗauka gaba ɗaya. Wanda bai saba ba zai ce hayaniya ce. Amma ka bar gangar ta yi ta gudunta, ka bi muryar mai waƙa kawai, za ka ji karin da yake rerawa a kai mai sanyi ne, na baƙin ciki, irin na Endless Rain. Wannan shi ne sirrin Yoshiki: yakan ɗora waƙar kuka a kan kiɗan yaƙi.

Tarihin Kurenai kuwa shi ne babbar hujjata. Da suka fara sa ta a faifan Vanishing Vision a 1988, da Turanci aka rera ta. Da za su sake ɗaukarta a Blue Blood a 1989, sai aka mai da yawancinta Japananci. Wannan ta biyun ita ce ta shiga gidajen mutane, ita ce aka fitar ita kaɗai a watan Satumba na 1989, ita ce kuma ta zama tambarin ƙungiyar. Ta kai har 'yan badujala na makarantun sakandare suka mai da ita kiɗan zuga 'yan wasansu a gasar besbol ta ƙasa da ake yi a filin Koshien. Waƙa ɗaya, kiɗa ɗaya, mawaƙi ɗaya. Da ya rera ta da harshen uwarsa sai ta tashi.

Ta huɗu ita ce Silent Jealousy, watau kishin da ba a furta ba, daga faifan Jealousy na 1991. Wannan ga masu son su ji gwaninta ne. Fiyano ne yake buɗe ta shi kaɗai, sa'an nan ganga ta shigo da saurin da da wuya ka yarda mutum ɗaya ne yake yi da hannu biyu da ƙafa biyu, masu goge kuma suna biye ba su ƙyale ba. Can a tsakiya Yoshiki ya ɗan ɗauko wani yanki na kiɗan Swan Lake na Tchaikovsky, mutumin Rasha, don ya nuna inda ya yi karatu. Irin wannan duka ba kyauta ba ne. Saboda yadda yake kaɗa kai yana dukan ganga, ƙashin wuyansa ya lalace, har aka yi masa aiki a 2009, aka sake a 2017, kuma ya daɗe yana hawa dandamali da abin tallafe wuya. Mai ɗaukar kaya a kasuwar Mile 12 ya san yadda sana'a take cin jikin mai ita.

RABUWA

Ta biyar, Forever Love, watau ƙauna ta har abada, ba a iya raba ta da abin da ya faru da ƙungiyar. Ta fito a watan Yuli na 1996, ta zo na ɗaya, kuma tana cikin faifan Dahlia na wannan shekara. A 1997 Toshi ya ce zai bar ƙungiyar. Da yake babu wanda zai iya maye muryarsa, sai aka ba da sanarwar watsewa a watan Satumba, aka sa wasan ƙarshe ranar 31 ga Disamba, 1997, a Tokyo Dome. Yoshiki ya faɗa daga baya cewa ya hau dandamali a daren nan cike da fushin abokinsa, har yana jin kamar ya kai masa duka. Amma da aka zo kan Forever Love, sai ya taso daga kan ganga, su biyu suka rungume juna suna kuka a gaban jama'a. Hoton wannan dare yana nan, kowa yana iya gani.

Wata huɗu bayan haka, ranar 2 ga Mayu, 1998, aka tarar da Hide ya mutu a gidansa a Tokyo, yana da shekara 33. 'Yan sanda sun ce shi ya kashe kansa, abokansa kuwa sun ce tsautsayi ne. Mutum wajen 50,000 suka taru wurin jana'izarsa a haikalin Tsukiji Honganji. A nan Yoshiki ya zauna gaban fiyano, Toshi ya tsaya ya rera Forever Love, su da suka rabu ba su daɗe ba. Da aka ga wasu matasa sun fara cutar da kansu saboda baƙin ciki, sai Yoshiki ya fito ya roƙe su su daina, ya ce ba abin da marigayin zai so ke nan ba. Wannan magana tasa ta fi mini waƙoƙi da yawa daraja, domin shi ya san abin da irin wannan mutuwa take bar wa waɗanda suka rage.

Waƙar ba ta tsaya nan ba. Junichiro Koizumi, wanda ya yi Firayim Ministan Japan daga 2001 zuwa 2006, bai ɓoye cewa shi mai son X Japan ne ba, kuma jam'iyyarsa ta yi amfani da Forever Love a tallarta ta talabijin a 2001. Kafin nan ma, a watan Nuwamba na 1999, Yoshiki ne aka gayyata ya tsara kiɗa ya kuma buga fiyano a bikin cikar Sarki Akihito shekara 10 a kan gado. Yaran da aka ƙi saboda gashinsu, ga ɗayansu a gaban fada. Dattijon da ya yanke hukunci da kallon hoto sai ya ɗan yi tunani a nan.

Ta shida, Art of Life, na ajiye ta ƙarshe ne domin ba ta mai gaggawa ba ce. Ta fito a watan Agusta na 1993, waƙa ɗaya tak a faifai guda, tsawonta minti 29, tare da makaɗan Royal Philharmonic na Landan. Mu da muka saba da Bakandamiyar Shata, doguwar waƙa ba za ta ba mu tsoro ba. Tana hawa tana sauka, sa'an nan a tsakiya komai ya yi shiru sai fiyano. Kari ne ɗan gajere ake ta maimaitawa, sai wani kiɗan ya fara shigowa yana ɓata shi, yana ƙaruwa, har ya zama kamar mutum yana dukan fiyanon da tafin hannu. Amma ɗan karin nan bai mutu ba, yana nan a ƙarƙashi, har ya sake fitowa fili. Wasu suna tsallake wannan wuri su ce ɓarna ce. Ni kuwa ina ganin don shi aka yi waƙar duka: mutum ne yake kokawa da zuciyarsa, ya kuma zaɓi ya rayu.

NEMAN AMURKA

Mai karatu zai iya tare ni ya ce, ai Art of Life da Turanci aka rera ta daga farko har ƙarshe, sunayen yawancin waƙoƙin nan ma na Turanci ne, to ina maganarka ta tsaya? Gaskiya ne, kuma ba ina cewa laifi ne mutum ya ari harshen wani ba. Mu da muke zaune a Kudu muna ciniki da Yarbanci da Turancin kasuwa kullum, ba mu da bakin faɗin haka. Abin tambaya shi ne, wa kake yi wa waƙar? Art of Life a Japan ta zo na ɗaya, Japanawa ne suka saye ta, kuma abin da ya kama su ba kalmomin ba ne, wannan fiyanon ne. Aron kalma daban, sayar da kai daban.

Ga abin da ya faru da suka sa Amurka a gaba. A 1992 Taiji ya bar ƙungiyar, Heath ya maye shi. A watan Agusta na wannan shekara suka kira 'yan jarida a birnin New York suka ce sun ƙulla yarjejeniya da kamfanin Atlantic domin su shiga kasuwar duniya. A lokacin ne suka ƙara Japan a kan sunansu, saboda akwai wata ƙungiya mai suna X a Los Angeles. Yoshiki ya koma can da zama, har ya sayi ɗakin ɗaukar waƙa. Toshi, wanda ba Turanci ne harshensa ba, ya shiga maimaita baiti ɗaya sau ba adadi don furucinsa ya yi daidai da kunnen Ba'amurke. Ƙungiyar da ta fitar da faifai uku tsakanin 1988 da 1991, sai da ta kai 1996 kafin ta kammala Dahlia. Faifan da aka yi wa Amurka alkawari kuwa bai fito ba har suka watse. Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

A cikin wannan gajiya ne Toshi ya faɗa hannun wata ƙungiya mai da'awar gyaran zuciya. Shi da kansa ya ba da labari a 2010, ya kuma rubuta littafi a 2014, cewa shekara 12 suka yi suna juya masa tunani, suka raba shi da danginsa, suka cinye abin da ya samu har ya tsiyace. Wannan ma abin lura ne ga duk wanda yake nesa da gida. Lokacin da mutum ya gaji, ya kuma yi nisa da waɗanda suka san shi tun yana yaro, lokacin ne mai daɗin baki yake samunsa a arha.

Sun sake haɗuwa a 2007, kuma abin mamaki, sai a wannan karo ne ƙofar da suka yi ta bugawa ta buɗe. Sun yi wasa a Madison Square Garden na New York a watan Oktoba na 2014, da Wembley Arena na Landan a watan Maris na 2017. To me jama'a suka je ji a waɗannan wurare? Kurenai suka je ji, da Endless Rain, da Forever Love, watau tsofaffin waƙoƙin da aka yi wa mutanen gida. Intanet ce ta kai su kunnen mutanen da ba su jin ko kalma ɗaya ta Japananci. A cikin fim ɗin tarihinsu mai suna We Are X na 2016, Gene Simmons na ƙungiyar Kiss ya nuna cewa da a Amurka ko Ingila aka haife su, suna waƙa da Turanci, da wataƙila babu ƙungiyar da ta kai su a duniya. Yabo ya yi niyya, amma ni ban yarda da shi ba. Da a can aka haife su, da sun zama ɗaya daga cikin ɗari masu kama da juna. Abin da ya sa aka waiwaye su shi ne ba su yi kama da kowa ba.

Ba kuma zan rufe ido a kan kasawarsu ba. Bayan dawowarsu sun yi ta alkawarin sabon cikakken faifai, ana ɗagawa shekara bayan shekara, har aka kai 2023, lokacin da suka saki waƙa ɗaya mai suna Angel, faifan bai fito ba. A cikin wannan jira Taiji ya rasu a 2011, Heath kuma ya rasu a watan Oktoba na 2023. Neman kammala da ya wuce kima shi ma cuta ne, gama lokaci ba ya jiran gwani. Sababbin waƙoƙin nasu ba laifi, amma ban sa ko ɗaya cikin shida ba, kuma da gangan na yi.

SHAWARA

Waƙoƙin nan shida gaba ɗaya ba su fi awa ɗaya da 'yan mintoci ba. Ga wanda zai gwada, ya bi su yadda na jera, kada ya fara da Art of Life ya gudu. Ya nemi waɗanda aka ɗauka a wurin wasa in ya samu, musamman na daren 31 ga Disamba, 1997. Ya kuma rage ƙara in maƙwabta sun kwanta, don mu baƙi ne a unguwannin nan, kada a ce 'yan Arewa sun hana mutane barci da gangar Japan.

Ga samarinmu masu sha'awar waƙa, waɗanda aka haifa a Agege ko Shagamu, har Hausar wasunsu ta fara karyewa, ina roƙonsu su yi nazarin labarin Kurenai. Ku koyi harshen kowa, ku ari kiɗan kowa, Yoshiki ma ya ara daga Rasha da Amurka. Amma in za ku faɗi abin da yake ci muku rai, ku faɗe shi yadda za a gane a gidanku tukuna. In ya yi kyau, na waje za su biyo shi da ƙafarsu, ko da bayan shekara 25 ne.

Ga iyaye kuma, in kun ji ɗanku ya toshe kunne da irin wannan kiɗa, kafin ku ƙwace wayar ku tambaye shi abin da yake ji a ciki. Mahaifiyar Yoshiki ba ta hana shi ganga ba lokacin da ya rasa uba, ita ce ma ta saya masa. Yaron da yake nesa da dangi, ba kaka ba kawu a kusa, yana bukatar wanda zai zauna ya saurare shi. Allah ya raya mana su, ya kuma mai da kowa gida lafiya.